Gwaggo Tsince da Ɗakin Naman Kaza

Tun rana ba ta yi zafi ba ake hango ta a bakin lambu, malafa a ka, takalmin roba da ya fi ƙarfin ƙafarta, da 'yar kujerar katako a hammata. Ba ta da doguwar gaisuwa. Da ta ce "ina kwananku", sai ta girke kujerar a gaban kwandon farko ta zura hannu har gwiwar hannu. Tumatirin sama bai dame ta ba, don kowa ya san mai lambu gwani ne wajen yi wa kwando kwalliya. Can ƙasa take lalube, inda fasasshe yake kwance yana tsiyaya a kan lafiyayye. In ta zaro hannu da jan ruwa, sai ta dubi mai kwandon ta ce, "A tsince." Ta faɗi kalmar nan har ta zame mata suna. Yau ko a ofishinsu ka tambayi Gwaggo Tsince, ba wanda zai ce wa kake nufi.

Malamar gona ce, irin ma'aikatan nan da ake turawa karkara sannan a manta da su. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ko da yake gwiwoyinta sun riga ta ajiyewa. Ba za a kafa mata rumfa ba, ba kuma za a ji ta a rediyo ba. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da mutane suka gani da idonsu, tun tana raye tana ji.

Lokacin da ta zo, ta tarar da mutanen da suka iya noma tun kaka da kakanni. Ba abin da za ta ƙara musu a kan shuka da ban ruwa, ita ma ba ta yi kurin hakan ba. Inda ta ga ɓarna shi ne tsakanin tsinka da kasuwa. A tsinki tumatir da tsakar rana, a jibge shi a fili, a danna shi a kwando mai zurfi har ya yi tozo, a ɗora kwando kan kwando a mota, ƙaton mutum kuma ya hau samansa ya zauna. Alayyafo ya yi yaushi, sai a yayyafa masa ruwan kwata don ya farfaɗo. Kafin a kai kasuwa, abin da aka yi wata da watanni ana wahala a kansa ya koma rabon ƙuda. Abin yana ci mata rai ƙwarai, don gumin mutane take gani yana tsiyaya daga gindin kwando.

Shugaban masu lambu ya taɓa ce mata, "Malama, kwando babu tozo ai sai a ce mun yi rowa."

Ta ce, "To ranka ya daɗe, tozon nan wa yake ci? Kai ko juji?"

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Amma da aka kewayo, kwandonsa ne ya fara zuwa a shafe. Da haka, da naci da zolaya, ta sa ake tsinka da safe bayan raɓa ta sha iska, ake kai kaya inuwa, ake zubawa a akwatin roba mara zurfi. Wanda ya nuna da yawa a yanka a shanya a kan raga, sama da ƙasa. Doka ɗaya ce ba ta sassauci a kanta: duk abin da ya yi farin fumfuna, a cire shi nan take a kai nesa, kada ya kwana da 'yan uwansa.

Ke ce kika tsuguna a gaban kwandon mutane shekara da shekaru, Gwaggo, ana yi miki kallon mai neman magana, ba ki yi fushi kin koma ofis kin zauna ƙarƙashin fanka ba.

A cikin duk waɗanda suka ɗauki karatunta, babu kamar wata dattijuwa da ake kira Mai Attaruhu. Attaruhun take nomawa, amma masu tsegumi sun ce bakinta ne ya jawo mata sunan. Mijinta ya rasu ya bar mata lambu, da rijiyar da ya haƙa da hannunsa, da bishiyar mangwaron da suka dasa tare. Ɗanta guda, direba ne a birni, yaro mai tausayi, kuma tausayin nan ne ya tayar wa uwarsa da hankali. Duk zuwan da zai yi, maganarsa ɗaya ce.

"Inna, wahalar nan ta isa. Rabin shekara kina fama da rana, rabin shekara lambu ya cika da ruwa kina zaune hannu rabbana. Na gyara miki ɗaki a gidana. In damina ta bana ta wuce haka, zan zo da mota, lambun nan kuma a sayar."

Ba ta iya yi masa musu ba, don gaskiya ya faɗa. Amma ta san in aka raba ta da rijiyar nan da mangwaron nan, an gama da ita ne, ko da za a kwantar da ita a kan katifa mai taushi. Gwaggo kaɗai ta faɗa wa haka, suna tsince attaruhu, ba tare da ta ɗago kai ba.

Maganar ta tsaya wa Gwaggo a rai. Ta san tsince-tsince ya rage asarar rani, amma bai ba kowa abin yi da damina ba. Sai ta tuno wani horo da aka taɓa tura su a kan noman naman kaza, abin da ake shukawa a ɗaki, ba gona ba rana. Ta roƙi shugaban masu lambu wani tsohon ɗakin ajiyar taki da ke bayan rumfarsu, ta tara mata, ta gaya musu abin da take nufi.

Mai Attaruhu ce ta fara magana, kamar kullum. "Malama, laimar kwaɗi za ki ciyar da mu? Me muka yi miki?"

Gwaggo ta yi musu bayani cewa na daji daban, kuma kada wanda ya kuskura ya ci, don akwai mai kisa a ciki. Wannan iri ne sananne da ake sayowa daga masu haɗa shi. Da ta ga bayani bai shiga ba, sai ta zo da naman kazan washegari, ta soya a gabansu da albasa, ta cinye tas. Matan suka zauna suna kallonta, wasu na jiran su ga ta inda za ta faɗi. Da suka gaji da jira, Mai Attaruhu ta miƙo hannu ta ce a sam mata na ƙasan kasko.

Suka share ɗakin, suka toshe tagogi da buhu. Suka tara garin katako daga wurin kafinta da totuwar masara da a da ake ƙonawa, suka jiƙa, suka turara a ganga don a kashe ƙwayoyin cuta. Da ya huce suka wanke hannu, suka gauraya da iri, suka ɗura a ledoji suka ɗaure, suka jera a kan katako cikin duhu. Ana gama jerawa, gwiwar Gwaggo ta ce ba ta san zance ba. Likita ya ce aiki za a yi, babu jinkiri. Cikin gaggawa ta danƙa wa Mai Attaruhu mabuɗi ta ce, "Yaya, ki riƙa leƙawa. Kada a buɗe leda, kada a bar ƙofa a buɗe, sai na dawo." Abu ɗaya ta manta ba ta faɗa ba.

Mai Attaruhu ta riƙe amana. Kullum sai ta leƙa. Ranar nan ta ga wani fari-fari a gefen leda ɗaya. Bayan 'yan kwanaki farin ya bazu, ya bi ledoji kaf, kamar an lulluɓe su da auduga. Matar da ta yi shekaru tana jin "a cire, a kai nesa" ba ta tsaya wata-wata ba. Ta kira mata suka kwashe ɗakin. Wasu ledojin suka baza a rana ko zafi zai kashe fumfunar, sauran da ta ga sun fi lalacewa ta sa aka zuba a ramin shara da ke gindin mangwaro aka rufe da ganye. Sannan ta wanke ɗakin fes, ta ɗauki mayafi ta tafi gidan Gwaggo, wadda aka sallamo daga asibiti tana jinya.

'Yar Gwaggo tana wurin, ita ta ba da labarin. Ta ce Mai Attaruhu ta zauna a bakin gado, ta yi sannu da jiki, sannan ta ce, "Malama, sai haƙuri. Fumfuna ta cinye mana ledoji. Amma ki kwantar da hankalinki, na tsince. Ko ɗaya ban bari ba."

Gwaggo ta ce, "Wane launi, Yaya?"

"Fari fat."

Gwaggo ta rufe ido. Farin nan shi ne naman kazan kansa, saiwarsa ce take bin garin katako, kuma shi ne abin da ake ta jira. 'Yarta ta ce ta ga hawaye a gefen idon uwarta, ta ɗauka ciwon gwiwa ne. Da wata ce, da nan take za ta fara sababi, kuma da ba a ga laifinta ba. Ita kuwa da ta buɗe ido sai ta kama hannun dattijuwar ta ce, "Yaya, abin da na koya miki kika yi, kuma kin yi shi daidai. Saura rabin karatun da ban ba ki ba. Miƙo min sandata."

'Yarta ta yi magiya, ta tuna mata da gargaɗin likita, Gwaggo ta yi kunnen uwar shegu. Aka samo mota aka kai ta har bakin lambu. Ledojin da aka shanya sun bushe ƙayau, waɗannan kam sun tafi. Da Mai Attaruhu ta gane abin da ta aikata, sai ta zauna daɓas a ƙasa. Can ta ce, "Shi ke nan, na sayar da lambuna da hannuna."

Gwaggo ta ce, "Tashi ki nuna min ramin."

Aka girka mata 'yar kujerarta a bakin ramin, ta miƙe ƙafar da aka ɗaure. Da aka yaye ganye, sai ga ledoji a kwance cikin sanyi da inuwa, yawancinsu ko fashewa ba su yi ba. Mata suka shiga suna miƙowa, ita tana karɓa tana juyawa. Wanda ya yi kore ko baƙi ta ajiye gefe, ta ce wannan ne fumfunar gaske. Mai fari kuwa sai ta kai shi hancin Mai Attaruhu. "Sansana. Kin ji tsami? Babu. Ƙamshin ƙasa ne bayan ruwa. Ki riƙe wannan a hancinki, don ba kullum zan zo ba." Kafin a kai ƙarshen ramin, Mai Attaruhu ce ke tsincewa, Gwaggo tana kallo kawai.

Ke ce kika tashi daga gadon jinya don kada wata ta ɗauki kuskure ɗaya ta yi wa kanta hukunci da shi. Naman kaza ana iya sake shukawa, amma da kin karya mata gwiwa a bakin gadon nan, da ba ta ƙara taɓa leda ba har abada.

Aka mayar da abin da ya tsira ɗaki, aka tsattsaga ledojin, ana fesa musu ruwa safe da yamma, ana ɗan ɗaga buhun taga don iska da haske. Bayan ɗan lokaci suka fara tsirowa ta tsagar, curi-curi kamar kunnuwa. Masu gidajen abinci suka fara aiko a saya musu, mata suka sake turara wata gangar, a wannan karon ba tare da Gwaggo ba.

Da damina ta wuce, direba ya zo da mota kamar yadda ya faɗa. Bai tarar da uwarsa a gida ba, aka nuna masa bayan rumfa. Ta hana shi shiga sai da ya wanke hannu ya cire takalmi. Ya tsaya cikin ɗakin yana kallon katakon da ya cika, yana kallon uwarsa tana ba mata umarni da mabuɗi a ɗaure a bakin zaninta. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Inna, ɗakin da na gyara miki fa?"

Ta ce, "Ka sa baƙi. In na zo ziyara na kwana a ciki."

Ya koma birni da kwali cike da naman kaza a kujerar da ya tanadar mata. Lambun yana nan, rijiyar tana nan.

Ku malaman gona masu tasowa, ga abin koyi. Ku sauka daga babur ku zura hannu a kwando. In ɗalibi ya yi kuskure, ku fara duba abin da kuka gaya masa da abin da kuka manta. Mu kuma masu zuwa kasuwa mu zaɓi tumatir mai tauri muna yanga, mu tuna akwai wadda gwiwarta ta ƙare a kan hanyarsa.

Yanzu Gwaggo ba ta iya zuwa lambu. Amma kusan kowace safiya Mai Attaruhu kan bi ta gidanta da faranti, tumatir a gefe, naman kaza a gefe. 'Yar Gwaggo ta ce har yau halin uwarta na nan: sai ta jawo farantin ta juya su ɗai-ɗai, tana latsawa, tana sansanawa. Jiya ta juya har na ƙarshe ba ta sami na cirewa ba, ta ɗago kai kamar wadda aka ƙwace wa aiki.

Mun gode, Gwaggo. Allah ya saka miki da alheri, ya ba gwiwar nan sauƙi. Ki huta da hannunki, an riga an tsince.