Ba Ni da Kowa a Ciki

Ba zan faɗi sunana ba, kuma ba kunya ce ta hana ni ba. Duk wanda ya zauna konkur a Yamai, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata, in bai san fuskata ba ya ji labarina, kuma na san an ƙara masa gishiri. To ga shi daga bakin mai shi. Samari da 'yan mata masu yawo da takardu cikin ambulan kuna neman aiki, da ku nake.

Ni ɗan Damagaram ne, karatu ya kawo ni Yamai. Na yi lisans, wato digirin farko, a fannin lissafi, na shiga zaman konkur kamar kowa. Wani na faɗi, wani na ci rubutu aka kayar da ni wajen ganawa, har shekaruna suka haye iyakar da ake ɗauka. Na koma koyarwa ta kwantiragi a wata makaranta. Abu ɗaya na tsira da shi daga wannan wahala: na san jarrabawar nan kamar yunwar cikina, musamman wadda ake ce wa sikotaknik, mai gwada saurin ƙwaƙwalwa da jerin lambobi da zane-zane.

Sai na kafa rumfa a tsakar gidan da nake haya a Kirkisoy. Allo ɗaya, bencina, kwalin domino, da wani tsohon agogon tebur mai ƙarar tsiya. Da shi nake horar da ɗalibaina masu shirin konkur. In ya buga kowa ya ajiye biro, ko da kalma ɗaya ta rage masa. Ina koya musu cewa tambayar da ta ƙi ci a tsallake ta a dawo daga baya, kada a tsaya kokawa da ita lokaci na tafiya. Ina sa su duba jerin lambobi daga ƙarshe in farkon ya ƙi magana. Na iya aikina, wannan ko maƙiyina bai musa ba. Ɗalibaina suna ci.

Amma ba a mako sai wani uba ko wata uwa ta ja ni gefe, ta kira ni Mushe kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, ta yi ƙasa da murya: "Mushe, karatun dai mun gani. Kana da hanya?"

Da fari nakan ce ba ni da ita. Sai in ga an kwashe yaro an kai shi wurin wani wanda bai iya raba goma gida biyu ba, don kawai an ce yana da mutane a ciki. Abin yana ci mini rai. Ranar da wata hajiya ta yi mini tambayar, ban ce e ba, ban ce a'a ba, murmushi kawai na yi na dubi ƙasa. Washegari ta aiko da ƙunshi, wai goron mutanen ciki. Na ajiye shi ban taɓa ba, ina cewa zan mayar. Ɗanta ya zauna jarrabawa ya ci da ƙoƙarinsa. Ta zo tana shi mini albarka har da hawaye. Ban mayar ba.

Daga nan na gane sana'ar. Ba na satar takardar jarrabawa, ba na shigar da wani ya rubuta wa wani, ban san ko mai shara ba a ofisoshin masu ɗaukar aikin. Ina karɓa ne kawai in zauna. Wanda ya ci, a ce aikin mutumina ne. Wanda ya faɗi, in kira uban in mayar masa da abinsa cif, in ce bana an matsa tsaro. Sai sunana ya fita a matsayin mai amana, mutumin da ba ya cin haƙƙin kowa. Kuma ga inda muguntar take: ban taɓa karɓa daga iyayen dolo ba. Agogona yana gaya mini wanda zai ci tun kafin a buɗe zauren jarrabawa. Iyayen masu ƙoƙari nake yi wa murmushin nan.

A cikin waɗanda suka zauna a rumfata babu kamar Rahamu. 'Yar Tawa ce, ta karanta lissafin kuɗi, ta daɗe tana neman aiki, shekarunta sun kusa iyaka. Takan tako daga Gudel ta haye gada, wani lokaci da guntun burodi a jaka. Kafin agogo ya buga ta gama ta kife takarda tana kallon kajin maƙwabta. Har tsokanar ta nake ina cewa ta bar wa 'yan baya ko tambaya ɗaya. Da wani babban kamfani ya buɗe konkur na masu riƙe asusu, na san kujera ɗaya tata ce, sai dai in ba a duba takardu da gaskiya ba.

Ubanta Malam Illa mai sayar da albasa ne, dattijo mai yawan gaisuwa, irin wanda in ka ba shi ruwa zai gode maka yau ya dawo gobe ya sake godewa. Ya same ni bayan an tashi.

"Mushe, ɗiyag ga ita ɗai ta rage mini buri. An ce kana da mutum ciki. In da gaskiya, ka taimake mu."

Da na ce masa ɗiyarka ba ta bukatar kowa, da yanzu ba na wannan rubutu. Na yi murmushi na dubi ƙasa. Amma dattijon ɗan kasuwa ne, ba ya sayen buhu bai ga cikinsa ba. Ya ce yana so ya ga mutumin ko daga nesa. Na san shugaban ma'aikatan kamfanin yana sallar Juma'a a wani masallaci a Bobiyal, don an taɓa nuna mini shi. Na ɗauki Malam Illa a babur muka je. Da aka sallame na kutsa na kama hannun mutumin da hannu biyu na gaishe shi. Shi kuma, da yake mai mutunci ne, ya amsa da fara'a har ya tambayi iyali, kamar yadda zai yi wa kowane Musulmi. Malam Illa yana gefe yana kallo. Cinikin albasarsa na wannan kaka ya kawo mini. Na ce kada Rahamu ta sani, kada hankalinta ya rabu.

Ta zauna, ta ci, sunanta a sama. Aka kira ta ta fara aiki. Ta zo rumfa da lemo da biskit ta raba wa 'yan ajin, ta ce, "Mushe, agogon nan naka har cikin zauren ina jin ƙararsa." Na yi dariya tare da su.

Abin da ban lissafa ba shi ne halin uban. Ya dame ni da zancen godiya.

"Mutum ya yi maka alheri irin wanga, ka yi shiru? Ba haka anka reno mu ba. Ka kai ni in gaishe shi."

Na ce manya ba sa son a je musu gida. Ya ce to ofis. Na ce ya yi tafiya. Na yi ta ja masa rai ina zaton zai gaji. Ashe ranar Juma'a ya koma masallacin shi kaɗai, ya bi motar mutumin da tambaya har ya gane gidan. Abin da ya faru can a kotu na ji shi. Ya je da safe da buhun albasa da zabi biyu, ya durƙusa a gaban mai gidan da baƙinsa, ya ce ya zo godiya ne kan ɗiyarsa Rahamu, kuma a yi haƙuri da ɗan abin da aka aiko ta hannun Mushe, ya san bai kai darajar aikin ba. Mutumin ya sa ya maimaita. Ya maimaita, har da sunana da unguwata.

Ina tsakiyar darasi 'yan sanda suka shigo. Ɗaya ya ce mini da Zabarmanci, "Kala suru," wato sai haƙuri, ya sa mini ankwa a gaban ɗalibaina. Agogo ya buga muna bakin ƙofa, ba wanda ya tashi ya kashe shi.

A komisariya, ofishin 'yan sanda, ban wahalar da kowa ba, na amsa laifina. Abu ɗaya na nace a kai, a can da gaban alƙali: yarinyar ba ta san komai ba, kuma ba wanda ya taɓa takardarta. Na ce a ɗauko ta a sake dubawa. Na ce a zaunar da ita yanzu a ɗakin nan a ba ta sababbin tambayoyi, in ta faɗi a ninka mini ɗauri. Har na ɗaga murya aka tsawata mini. Mai gabatar da ƙara ya dube ni ya ce, "Mutumin da ya shekara da shekaru yana cin abinci da ƙarya, yau shi ne mai ba da shaida?" Rana ɗaya tak na bukaci a yarda da maganata, na tarar na riga na sayar da ita.

Kamfanin ya ce sunansa ya fi kujera ɗaya. Aka sallami Rahamu, aka hana ta zama jarrabawarsu, labari kuma ya zaga sauran wurare. Malam Illa aka yi masa ɗaurin talala saboda tsufa, ya tattara ya koma ƙauye. Ni aka kai ni kaso, wato gidan yari.

Ba zan ba ku labarin kaso don ku ji tausayina ba. Zafi ne da ƙwarƙwata da tuwon da ba ya kama ciki, kuma na ci abin da na shuka. Sauran iyayen da suka kawo mini ƙunshi kuwa ko ɗaya bai leƙo ba. Waɗansu har da tofa albarkacin bakinsu a fada, wurin zaman hira, wai dama sun ga alamar rashin gaskiya a idona. Su ne fa masu jan hannuna zuwa bayan rumfa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma ba su ne suka hana ni barci ba. Abin da ya hana ni barci lissafi ne mai sauƙi wanda ko ɗan firamare zai yi: kafin ƙurar nan ta kwanta, shekarun Rahamu sun haye iyaka. Na roƙi Allah gafara, na kuma san akwai haƙƙin da ba istigfari ke sauke shi ba.

Da na fito, 'yan uwa suka ce in koma Damagaram in ɓuya, ko in kama sayar da katin waya. Na ce ban ga dalili ba. Ƙarya na yi, an ɗaure ni a kanta a kaso. Karatun da ke kaina ba na sata ba ne. Na koma Kirkisoy na sake kafa rumfa, na sayi wani agogon. Masu cewa tsohon ɗan kaso bai isa ya tsaya gaban allo ba, su zo su zauna benci in ba su jerin lambobi, mu ga wanda zai ji kunya. Duk sabon aji, kafin in ɗauki alli, nakan tsaya in ce: "Na yi kaso saboda zamba. Ba ni da kowa a ciki, ban taɓa samu ba. Mai neman hanya ga ƙofa." Waɗansu sukan tashi su fita, ba na kiran su.

Wata ranar Asabar da hantsi ina share allo sai na ji sallama. Rahamu ce, da wani saurayi dogo a bayanta. Na ji labarin tana riƙe wa wata mai shagon atamfa lissafi a kasuwa. Na fara, "Rahamu, don Allah..."

Ta ɗaga hannu. "Ban zo jin wannan ba, Mushe. Tambaya guda gare ni, kuma ka ji tsoron Allah. Ni na ci, ko saya mini anka yi?"

Ashe duk shekarun nan da wannan take kwana. Ta ji abin da na faɗa a kotu, amma ita ma ba ta da dalilin yarda da ni. Na rasa da me zan rantse. Sai na jawo takardar tambayoyin da na shirya wa ajin ranar, na ajiye mata biro, na murɗa agogo. Ta yi tsaye tana hararata, sannan ta zauna. Ta gama ta kife takardar agogo bai buga ba. Na duba a gabanta, babu kuskure ko ɗaya. Ta daɗe tana kallon takardar, ta share ido da bakin mayafi.

"Ashe ni ce," ta ce.

Ta turo saurayin gaba. "Ƙanena ne, Abdu. Bana zai zauna konkur. Karatunka gaskiya ne, kai ne ƙarya. Ka koya mishi. In na ji ka yi wa wani murmushin nan, ni da kaina zan maishe ka inda ka hito." Na tambaye ta ko ta yafe mini. Ta ce ba ta kai nan ba tukuna, ta fita.

To ku saurara, 'yan uwana masu ambulan. Ban ce muku babu masu shiga ta taga ba, ni ba yaro ba ne. Amma mafi yawan masu ce muku suna da mutum a ciki irina ne: sun duba sun ga za ku iya, suka sayar muku da abin da yake naku tun asali. In kun faɗi ku yi asara, in kun ci ku rayu kuna zaton wani ne ya ɗauke ku, in asiri ya tonu ku ne za a kora. Ku kuma ja kunnen iyayenku, don ƙauna takan sa su yi muku ɓarnar da maƙiyi bai iya ba. Wanda kuma Allah ya ba shi abin koyarwa, in an tambaye shi hanya ya buɗe baki ya ce babu. Ni murmushi kawai na yi.

Abdu yana benci na biyu yanzu, kusa da agogo. Yana da ƙoƙari, ko da yake bai kai yayarsa ba. Ba na karɓar ko dala a hannunsa, kuma ban ɗauka wannan ya biya komai ba. Ita kujerarta wani ke kai.