Kwamared Kailani da Belin Kenneth

Duk wanda ya zauna a Tudun Wadar Zariya ya san Kwamared Kailani, ko yana so ko ba ya so. Ɗan tela ne, amma ko maɓalli bai iya sakawa ba. Ya taɓa koyarwa a wata firamare a Tudun Jukun, inda yara suka fi shi zuwa aji. Ya buɗe shagon cajin waya, ya rufe. Da mahaifinsa ya rasu ya bar masa gida, sai ya sayi jar hula, ya kafa allo a ƙofar zaure, ya wayi gari mai kare haƙƙin ɗan Adam.

Ni 'yar haya ce a gidan da ke kallon nasa, don haka na sha surutunsa har na ƙoshi. Magana ɗaya gare shi: sai an gyara doka. Miji ya kumbura wa matarsa ido, sai an gyara doka. An kori lebura ba sallama, sai an gyara doka. Ban taɓa ganin ya raka mai kuka ko bakin titi ba. Amma a ce ana taro za a miƙa masa lasifika, ko zazzaɓi yake yi zai miƙe.

Ɗakin da ke kusa da nawa na Angela ne, mai goge-goge a wani asibiti, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta Kenneth gyaran janareta yake yi, kuma yana da sikila. Wata Laraba 'yan sanda suka yi kame a bakin kasuwa, suka haɗa da shi yana dawowa daga aiki. Da Angela ta je caji ofis, aka ce za a ba da belinsa in ta kawo magidanci mai gidan kansa a unguwar ya tsaya masa. In ba haka ba, ranar Juma'a sai kotu.

Rabaran ɗin cocinsu ya yi tafiya, gidanmu kuwa duk 'yan haya ne. Na ce mata ga mai gida, ga mai kare haƙƙi a ƙofarmu, me muke jira? Muka tarar da shi yana goge takalmi. Angela ta durƙusa.

"Malam Kailani, don Allah ka rufa min asiri. Zuwa kawai za ka yi ka tsaya masa. Yaron nan in ya kwanta a kan siminti ciwonsa tashi yake."

"Maman Kenneth, ai kin zo a kan gaɓa! Gobe majalisa za ta ji ra'ayin jama'a a Kaduna kan gyaran dokar kare haƙƙi. In gyaran ya wuce, jami'ai za su riƙa shiga duk inda ake tsare mutane suna dubawa."

"To kafin ka hau mota fa? Caji ofis ɗin ai a kan hanyar tasha yake."

"Ku mutanenmu kanku kaɗai kuka sani. Ni rijiya nake haƙa wa gari, ke kina cewa in tsaya ɗebo miki moɗa ɗaya."

Ya tambayi shekarun Kenneth da sunan ciwon, ya ci gaba da goge takalminsa.

A Kaduna labarin Kenneth ya bayar, murya na rawa, aka yi ta tafi. A Zariya kuwa kotu ta tura Kenneth gidan yari jiran shari'a. Kafin ƙarshen mako ciwon ya tashi, aka kai shi asibiti, aka ɗaure ƙafarsa a jikin gado da ankwa.

Kwamared ya shigo gidanmu riƙe da waya zai nuna mana bidiyon jawabinsa. Angela tana zuba kunu a fulas za ta kai asibiti. Raina a ɓace na zayyana masa komai, ina zaton zai sunkuyar da kai. Ashe ban san shi ba. Fuskarsa ta washe.

"Da ankwa? A kan gadon asibiti? Maman Kenneth, in kin je ki ɗauko min hoto, ƙafar ta fito sosai. Akwai zama na biyu wata mai zuwa."

Angela ta rufe fulas, ta ratsa ta gefensa ta fice. Ya biyo ta har ƙofar gida yana ɗaga murya.

"Kada fa ki bari su kwance kafin ki ɗauka!"