Ranar da Bincikena Ya Cika Jarka Huɗu

Jama'a, a shaida: yau ilimina ya yi aiki a bakin rijiyar burtsatsen unguwarmu, Gyadi-Gyadi.

Na iske Alhaji Sabo, mai riƙe da makullin rijiyar da gwamnati ta haƙa, yana mayar da jarkokin Habu mai adaidaita sahu ƙarshen layi, alhali matar Habu na gida da ɗanyen jego.

"'Yan asalin unguwa tukuna," in ji Alhaji. "Baƙi daga baya."

Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a jami'a ina binciken wane ne ɗan ƙasa, wa ke da iko da arzikin ƙarƙashin ƙasa, sai na gyara zaman hulata.

"Alhaji, marigayi mahaifinka yana cikin dattawan da na yi hira da su. Da bakinsa ya ba ni labarin shigowarsa Kano a bayan motar gyaɗa. Kaset ɗin yana nan. In ɗauko?"

"Haba Farfesa! Habu, matso da jarkokinka, ai duk ɗaya muke."

Littattafaina ba su taɓa motsa gwamnati ba, amma yau sun cika jarka huɗu. Masana, a wane babi zan saka wannan gagarumar nasara?