Tagar Jirgin Sama a Akwatin Burodi

Kumasi zuwa Takoradi

Ana sallame Asuba Kawu Ɗanladi ya raka ni tashar jirgin ƙasa. Shi mai shayi ne a Zongo, gilashin akwatin burodinsa kuma ya sha fashewa a hannun 'yan dako. Ya ji labarin wai a Takoradi akwai wanda ba ya fashewa.

"Ka kawo shi lafiya, ka zauna teburi da ni," in ji shi. "Ka dawo hannu wofi, gonar koko za ni kai ka."

Ni kuwa da gona ba ma ga maciji. A tashar Dunkwa na ci dokunu, wato tuwon masara mai tsami, da kifi, barkonon ya hana ni gyangyaɗi har bakin teku.

Takoradi

Na sauka wurin Baba Saje, tsohon soja mai sayar da tarkacen jiragen sama na yaƙi. Ya jawo wata taga mai ɗan doro, garau kamar ruwa, ba nauyi. Ya ce roba ce, Turawa na kiranta fasfes. Ya shimfiɗa ta a ƙasa ya hau da takalminsa.

"Baba, sauka!"

"Kai ma hawo, yaro."

Muka tsaya a kai mu biyu muna kallon juna.

Hanyar dawowa

Lori na shiga. Al'adar direbobi, mai gilashi gaba yake zama, ya rungume kayansa. Ban gaya wa kowa roba ce ba, na zauna kamar ɗan sarki. Duk ramin da muka faɗa sai matan baya su yi ihu, "Direba, gilashi!"

Bayan mun wuce garin Fosu dutse ya tarwatsa gilashin motar, ga ruwan sama. Direban, wani Ba'asante, ya kalli cinyata.

"Aboki, kawo naka."

Ya ɗaure tagata da igiya a gabansa. Saboda doron nan, komai ya canja masa. Ya taka wa akuya birki tana can nesa, ya kusa rungumar bishiyar da ke gabansa. Mata suka koma salati.

A shingen Praso ɗan sanda ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa tagar.

"Ina sauran jirgin?"

Na rantse iyakar abin da aka sayar min ke nan. Sai da ya leƙa ƙarƙashin lori ya bar mu.

A tashar Kejetia ta Kumasi direba ya hana ni tagar, ya ce ta saba da motarsa. Matan nan ne suka taru a kansa har ya kwance igiya.

Zongo

Kawu ya ƙwanƙwasa ya ji ba ƙara.

"Wannan ba gilashi ba ne, an cuce ka."

Ya cire takalmi ya maka mata. Ko gezau. Maƙwabcinsa ya ce a ba shi ya gwada. Kafin Magariba layi ya kai bakin masallaci, kowa da takalmi a hannu, wanda ya gaji da duka ya zauna ya sha shayi.

Yanzu tagar ta sha karce, ba a ganin burodin sosai. Kawu ya ce ai kowa ya san burodi ne a ciki. Ni ke zuba shayi, shi ke tsara layi.

Alhamdulillahi da na dawo lafiya. Matan lori, Allah ya biya ku.