Sunana a Kan Ganuwar Teku

Wata Talata ce ta watan Agusta, a shekarar da na cika sha biyu, na tsinci kaina a gindin wani tsauni a gaɓar tekun ƙasar Sin, ina rataye da jakar magungunan Baba. Penglai ake ce wa wurin. Wani farin hazo mai danshi ya taso daga ruwa ya jiƙa matakalar dutse, iska tana kawo ƙarnin kifi haɗe da ƙamshin turaren tsinke. A can sama ga wani tsohon soro na katako mai jan fenti, rufinsa ya lanƙwashe ta gefe kamar bakin kwale-kwale, daga ƙasansa kuma ganuwa ta miƙe ta bi bakin ruwa. Baba ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, ko da yake na san abin da yake gani bai wuce inuwa ba. Can sai ya ce, "Ke, shiga gaba." Haka yake kirana tun da na yi wayo. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, kuma abin ya daɗe yana cin raina.

Ni ce 'yar fari a gidanmu. A Damagaram aka haife ni, ina 'yar ƙarama muka biyo Baba Amurka, muka zauna a hawa na uku na wani gidan haya a Hyattsville, cikin jihar Maryland. Ƙanena Nasiru a nan aka haife shi. Baba tasi yake ja a Washington, duk da cewa ilimin noman rani ya karanto a ƙasar Sin yana saurayi, Inna kuma tana aikin kula da tsofaffi. Hidimar gida a kaina ta ƙare. Ni ke jan kwandon wanki zuwa ɗakin injina da ke ƙasan bene, ni ke ban ruwa ga barkonon da Baba ya shuka cikin bokitai a baranda, ni ke juya kuɓewar da Inna ta shanya a faranti ina korar tantabaru. Da yamma mu sauka filin ajiye motoci, in zana gidajen 'yar gala-gala da allin makaranta, in koya wa 'ya'yan maƙwabtanmu Habashawa carafke da tsakuwar da muka tsinto a gindin katanga. Idan magariba ta gabato sai muryar Baba ta sauko daga baranda: "Nasiru, hawo! Ke ma." Shi da suna, ni da "ke ma", kamar gyaran da ake ɗora wa mai sayen gyaɗa.

Da a Damagaram muke, watakila da ban ma lura ba, don duk 'ya'yan farin unguwa haka suke tashi. Amma a nan ina ganin iyayen 'yan ajinmu ranar Asabar a filin ƙwallo, uba ya tsaya yana ƙwala wa 'yarsa kira har muryarsa ta dishe, in an tashi ya ɗaga ta sama. Ranar da Baba ya zo taron iyaye, malamarmu ta tambaye shi wacece tasa, sai ya nuna ni da haɓa ya ce waccan. Na dawo gida na yi kukan da ban taɓa yi ba. Inna, wadda ita ma dabara ta yi take ce mini Yaya don bin bakin Nasiru, ta zaunar da ni tana tsefe mini kai. "Ɗan fari ba a kama sunansa," in ji ta. "Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Kakanki har ya koma ga Allah bai kira ubanki da suna ba." Na tsayar da kai ne kawai don kada tsinken ya shiga fatata, amma ban yarda ba. A lissafina na yarinya, abin da ake so ba a jin kunyarsa.

Sai ciwon ido ya kama Baba. Hawan jinin ido aka ce, yana cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya. Baba ya ajiye tasi, ya koma zaman baranda, yana shafa ganyen barkono da yatsa don ya gane ko yana son ruwa. Wani tsohon abokin karatunsa, wanda muke ce wa Kawu Li, ya matsa masa ya zo a gwada wani asibiti a can wajensu. Inna ba ta da halin barin aiki da Nasiru, makaranta kuma tana hutu, don haka ni aka ɗora wa rakiya. Likitan can bai faɗi abin da na Maryland bai faɗa ba. Da muka fito Baba ya gyara hularsa ya ce, "Lokotoro ya yi nasa, saura na Allah." Abu ɗaya ya roƙi abokinsa: a kai shi Penglai, inda ɗan Damagaram ya fara ganin teku da idonsa, tun da sauran abin da zai gani da shi.

Hawan nan ya ba mu wuya. Sau da yawa na miƙa masa hannu, yana yi kamar bai san na miƙa ba, ya gwammace ya dafa jiƙaƙƙen bango yana laluben matakala da ƙafa. Uba ba ya riƙe hannun 'yar farinsa a bainar jama'a, ko da jama'ar ba su san Damagaram a taswira ba. A cikin soron, Kawu Li ya yi ta nuna mini rubuce-rubucen da aka sassaƙa a jikin dutse, yana ba ni labari da guntun Turancinsa cewa wani lokaci gari guda yakan bayyana a saman ruwan nan, da gidaje da hasumiyoyi, sannan ya ɓace, kuma sarakuna sun zo daga nesa suna jiran su gan shi. Daga nan muka gangaro kan ganuwar, wadda aka gina don tsare gari daga maharan teku. Tana da ƙofa ta ruwa inda jiragen yaƙi ke shiga su ɓuya. Baba ya shafa tubalin ya ce ya fi na ganuwar Birnin Damagaram sanyi. Kawu Li ya tafi nemo mana ruwan sha.

A nan ne wani ayarin masu yawon buɗe ido ya taho, jagorarsu tana gaba da 'yar tuta da lasifika. Suka ratsa tsakaninmu, suka tura ni gaba har wajen wata tsohuwar igwa mai tsatsa da aka girke bakinta yana kallon teku. Na tsuguna ina leƙa cikinta. Ashe Baba ya juya bai ga inuwata ba, kuma hannunsa da ke bin bango ya faɗa cikin wani giɓi inda ganuwar ta yi ƙasa, ba komai a bayansa sai iska da ƙarar ruwa a kan duwatsu. Na san ya ce "ke", ya sake cewa, amma wa zai ji "ke" a cikin wannan hayaniya?

"Rakiya! Rakiya!"

Da farko ban gane muryar ba, don ban taɓa jin ta da tsoro a ciki ba. Mutane suka dare. Na hango shi tsaye, hularsa ta karkace, hannuwansa biyu a miƙe suna laluben iska, babban mutum mai kamun kai yana ƙwala kira kamar wanda aka yi wa gobara. Na ruga na ce, "Ga ni, Baba." Ya cafke wuyan hannuna da ƙarfin da ya bar mini shaida, bakinsa yana ta salati. Bai yi mini faɗa ba. Da numfashinsa ya dawo sai ya juya da ni wajen teku ya ce, "Faɗa mini abin da ke can." Na ce hazo ne, da wasu jiragen masunta, da fararen tsuntsaye, garin nan dai bai fito ba. Ya ce shi ma yana saurayi ya yini a nan bai gan shi ba. Ni kuwa hawaye ne ke zuba a fuskata, ina godiya ga Allah da ba ya iya ganinsu. Har muka sauka gindin tsaunin bai saki hannuna ba.

Da muka dawo Hyattsville na ba Inna labari a kicin, a hankali don kada ya ji. Ta ajiye muciya ta yi dariya har da ƙwalla, ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Washegari da safe na ji murya daga baranda: "Ke, kawo ruwan barkonon nan." Ya koma gidan jiya, kuma bai sake fita daga ciki ba. Amma daga ranar "ke" ɗin ta daina yi mini zafi, don na riga na ga abin da aka rufe a ƙarƙashinta. Ni na zama idonsa a jirgin ƙasa da hanyar masallaci, kuma idan titi ba kowa yakan dafa kafaɗata.

Yau Baba yana kwance a wata maƙabarta a nan Maryland, nesa da Damagaram, nesa da wancan tekun. Ni ma ina da tawa 'yar farin, kuma ban gaji kunyar ba. Sunanta nake kira daga safe har dare, a gida, a mota, a filin ƙwallo, har takan amsa ba tare da ta ɗago kai daga waya ba. Ba na cewa zamaninsu ya fi namu, don na san kukan da na sha. Sai dai wani lokaci, idan na ƙwala mata kira na ga ko gezau ba ta yi ba, nakan tuna jiƙaƙƙen tubalin nan da hannuwa biyu a miƙe cikin hazo. Ni sau ɗaya na ji nawa a bakinsa, kuma har yau shi nake amsawa.