Tela da Ƙwaron Kwami

Da ido ya fara ƙin zare, Tela ya rufe kekensa da zane, ya gina kwami biyu a bayan gida, ya koma kiwon 'ya'yan tarwaɗa. Sunan dai bai bar shi ba. Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa, ga saurin zargi, Allah ya sani.

Wasu baƙaƙen ƙwari masu santsin baya suka sauka a ruwan. Yakan tsuguna ya kalle su suna ɗago kai su ɗebi iska, su nutse da ita manne a ciki tana ƙyalli kamar azurfa. Ruɓaɓɓen ganye suke ci da ragowar abincin kifi.

"Masu sharata ke nan," in ji shi. "Kowa ya taɓa su, ni da shi."

Har jakar da macen ƙwaron ke saƙawa a ƙarƙashin ganye yakan yaba, wai ɗinkin ba kuskure.

Sai kifi suka fara raguwa. Babu gawa, babu ɓula. Wa ke kwana kusa da kwamin? Ƙaninsa mai facin taya, wanda Telan ne ya goya shi bayan rasuwar uwarsu. A tsakar gida, gaban mata da yara, Tela ya ce masa ɓarawo.

"Yaya, ni?"

"Kai fa! Tattara ka bar mini gida."

Ƙanin ya tattara ya tafi. Kifi kuwa ba su fasa ƙarewa ba.

Ranar da Tela ya zubar da ruwan, ya tarar da tsutsotsi masu baki kamar almakashi, ɗaya riƙe da ɗan kifi tana tsotsa. Ya tsaga jakar nan da allura, ƙananan irinsu suka zubo masa a tafi. Ashe 'ya'yan masu sharar ne! Uwa na cin ruɓa, 'ya'ya na cin rai. Kunya ta kama shi.

Ya wanke ƙafa ya tafi rumfar facin. Ƙanin ya miƙe, ya goge masa benci, ya kawo ruwa. Tela ya buɗe baki zai fara.

"Sannu da zuwa, malam," in ji ƙanin, idonsa a kan aikinsa. "Wace tayar ce ta sace?"