Gishirin Maƙwabta

Shekarar da likita ya ce maigidana yana da hawan jini, ni na fi shi shiga uku. Ɗinkin babbar riga yake yi a zaurenmu, nan Ƙofar Kibo, kuma mutum ne mai son daɗin baki. Aka ce a rage gishiri sosai, a bar kanwa da man shanu. Na bari. Ni ma na koma cin lami, don kada in ɗora tukunya biyu in ruɗe.

Ina da ƙawa 'yar Wusasa, nas ce, tun makaranta muke tare. Ranar hutunta takan zo da abin awo a jaka, ta naɗa masa a dantse, ta yi ta matsa 'yar robar, tana saurare. Kullum sai ta girgiza kai, ta ja ni madafa.

"Anya kina bin abin da aka ce?"

"Wallahi ina bi."

"To jinin nan bai sauka ba. Irinsa ke kayar da mutum, ɓarin jiki ya shanye."

Sai in rasa sukuni. Na ƙara rage gishirin har miyar ta koma kamar ruwan wanke kwano.

A unguwarmu maza ba sa cin tuwo a cikin gida. Bayan magariba kowane gida zai fitar da kwanonsa, su zauna a tabarma ɗaya su ci tare, ciyayya ke nan. Nawa kwanon kullum a suɗe yake dawowa, ni kuwa sakarai ina ta murna.

Wata rana matar maƙwabcinmu, dattijuwa, ta shigo da ƙullin gishiri da daddawa, ta zauna tana kame-kame.

"'Yar nan, kada ki ji haushi, miya na zo in nuna miki. Malam maigidanki da bakinsa ya gaya wa maza hannunki bai faɗa ba a girki, shi ya sa yake cin namu. Naki yara ake ture wa."

Ni? Ni da ake aikowa in yi miyar suna? Ashe duk watannin nan ina fama da lami, shi yana can yana lodar miyar gidaje huɗu, man shanu har wuyan hannu. Don kada maza su ji yana da ciwo, sai ya sayar da sunana a tabarma. Kai, na ji zafin abin nan har cikin ƙashina.

Ban yi masa magana ba. Da magariba na bari suka zauna, na tsaya bayan ƙyauren zaure, ni da ba a taɓa jin muryata a waje ba.

"Salamu alaikum, iyayena. Malam hawan jini gare shi, likita ya hana shi gishiri. Duk wanda ya ƙara tura masa kwano, ya sani ciwo yake ƙara masa."

Na juya na koma cikin gida.

Ya shigo yana huci, hula a hannu.

"Kin kyauta! Kin tona mini asiri a gaban maza!"

Na dube shi, hawaye na zuba. Na ce, "Malam, ni da na rufa maka naka asirin duk watannin nan, kai ka rufa mini nawa?"